Auna ingancin bayanin kayan aiki ga wakilan ƙirƙirarriyar basira

Auna ingancin bayanin kayan aiki wani reshe ne na nazarin ƙirƙirarriyar basira. Yana duba ko rubutun da aka yi game da wata manhaja, wato kayan aiki, yana sa wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI) ya yi amfani da ita daidai. Wakili a nan shi ne samfurin harshe, wato tsarin kwamfuta da aka horar ya karanta rubutu ya ba da amsa, wanda aka ba damar aiwatar da abu da kansa, kamar binciken intanet, buɗe fayil ko aika saƙo. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar da yake kira. Abin da ke gabansa shi ne sunanta, da bayanin da aka rubuta da harshen mutane, galibi Turanci, da guraben da zai cike, waɗanda aka fi tsarawa da JSON Schema, wata ƙa'ida ta fayyace fasalin bayanai. In wannan rubutu ya gurgunce, aikin ma yakan gurgunce komai ƙarfin samfurin.

Tarihi

Tun kafin zuwan manyan samfuran harshe ake rubuta wa manhajoji bayani. Wajen shekarar 2000 aka fito da WSDL domin bayyana hidimomin intanet, sannan Swagger ya biyo baya a wajen 2011, wanda daga bisani aka sake masa suna OpenAPI. Masu rubuta manhaja ne ke karanta waɗannan, kuma mutum in ya rikice yana iya tambayar abokin aikinsa.

Lamarin ya sauya a ƙarshen 2022, lokacin da masu bincike na Jami'ar Princeton da Google suka gabatar da tsarin ReAct, inda samfuri ke yin tunani, ya aikata, ya duba sakamako, sannan ya ci gaba. A Fabrairun 2023 kamfanin Meta ya fitar da Toolformer, samfurin da ya koyi kiran kalkuleta da injin bincike. Bayan wata guda OpenAI ya buɗe tsarin haɗa ChatGPT da manhajojin waje, kuma a nan aka ga wani abu mai muhimmanci ga tarihin fannin: kowace manhaja tana da bayani biyu, ɗaya na ɗan Adam, ɗaya na samfuri. Ke nan an amince cewa samfurin mai karatu ne na daban, da buƙatunsa. An rufe wannan tsari a 2024, amma a Yunin 2023 kamfanin ya riga ya fitar da hanyar da samfuri ke kiran aikin manhaja kai tsaye, wadda sauran kamfanoni suka bi.

Ma'aunai sun biyo baya da sauri. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da Gorilla, samfurin da aka horar kan kiran manhajoji, a 2023, da jadawalin gasa na BFCL, mai jera samfura bisa iya kiran kayan aiki, a farkon 2024. ToolBench, wanda masu bincike na Jami'ar Tsinghua ta Sin suke cikin waɗanda suka haɗa, ya tattaro mashigan manhajoji, wato hanyoyin da ake kiran manhaja ta cikinsu, sama da 16,000 daga RapidAPI, wani dandali da ke tara su. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP (Model Context Protocol), wadda ta sa kowa zai iya rubuta kayan aiki sau ɗaya wakilai daban-daban su yi amfani da shi. Daga nan kayan aiki suka yawaita, kuma bambancin ingancin bayanansu ya fito fili.

Hanyoyin aunawa

Yawancin ma'aunan da aka ambata samfuri suke aunawa, ba bayani ba. Wanda ke son auna bayanin sai ya bar samfurin yadda yake, ya riƙa sauya rubutun, ya ba shi ayyuka iri ɗaya, ya ga inda sakamako ya bambanta. Ana duba ko ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ya cike guraben daidai, da ko ya kame hannunsa a inda babu kayan aikin da ya dace. BFCL yana gwada wannan na ƙarshe. Shi kuwa τ-bench na kamfanin Sierra, wanda ya fito a 2024, yana maimaita aiki guda sau da yawa domin a ga ko wakili zai dace a kowane karo, ba sau ɗaya bisa sa'a ba.

Kurakuran da aka fi samu sanannu ne: kayan aiki biyu masu bayani kusan iri ɗaya, gurbin da ba a faɗi irin abin da yake karɓa ba, kamar tsarin rubuta kwanan wata, da saƙon kuskure da ba ya nuna hanyar gyara. Injiniyoyin Anthropic sun bayyana cewa a aikinsu kan SWE-bench, gwajin iya gyara manhaja, samfurin ya riƙa kuskuren adireshin fayil bayan ya sauya ma'ajin fayilolin (folda) da yake ciki, sai da suka wajabta masa rubuta cikakken adireshi matsalar ta kau.

Akwai kuma masu sa wani samfurin ya karanta bayanin ya ba shi maki. Hanyar tana da arha, amma rubutu na iya yin kyau a ido ya kasa a wurin aiki.

Tsaro

A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna cewa ana iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aikin MCP, wakili ya karanta ya bi, alhali mai amfani bai gani ba.

Saɓani

Ba a daidaita kan tsawon bayani ba. Wasu na ganin cikakken bayani da misalai ya fi, wasu kuma na cewa yana cinye wurin da samfuri ke riƙe rubutu, musamman in kayan aikin suna da yawa. Bayanin da ya yi wa wani samfuri aiki ba lallai ya yi wa wani ba.