Taimakon farko ga yaron da ya ji ciwo

Taimakon farko shi ne abin da ake yi wa wanda ya ji ciwo nan take, kafin a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Idan yaro ne, mai ba da shi galibi uwa ce, ko kaka, ko maƙwabciya. A unguwannin Zango na Kumasi a ƙasar Gana, irin su Aboabo, Asawase da Sawaba, iyalai da yawa kan zauna gida ɗaya, ana girki a tsakar gida, yara kuma suna wasa kusa da murhun gawayi. Don haka abin da hannu ya fara yi a mintunan farko yana da nauyi ƙwarai, kuma sau da yawa abin da aka saba yi ne ke ƙara ɓarna.

Ƙuna ce ta fi buƙatar bayani. Tukunyar koko, ruwan wake da shinkafa, man suyar ƙosai, duk suna iya kifewa a kan yaro mai rarrafe, fatarsa kuwa ta fi ta babba laushi, zafi na saurin ratsa ta. Maganin farko ruwa ne mai sanyi, na famfo ko na randa, a riƙa kwarara shi a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara, domin tana ƙara lalata fata. A cire riga da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne a bar ta. Sauran jikin a lulluɓe shi, don ƙaramin yaro yana saurin ɗaukar sanyi. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja da toka, waɗanda ake rugawa a shafa da kyakkyawar niyya, suna kawo ƙwayoyin cuta, suna kuma hana likita ganin zurfin ƙunar. Bororon da ya taso kada a fasa shi. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ta asibiti ce. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi yana da sashen masu ƙuna, haka ma asibitin Korle Bu a Ankara, babban birnin Gana.

Shan guba na biye. Ana zuba kananzir a gorar lemo, masu yin sabulu kuma kan ajiye ruwan soda mai kama da ruwan sha. Al'adar ɗura wa yaro manja don ya yi amai tana da haɗari matuƙa: kananzir na iya shiga huhu yayin aman, soda kuma ta sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. A ɗauki yaron tare da gorar a tafi asibiti.

Yankan da ke zubar da jini ana danne shi da tsumma mai tsabta, a riƙe ba sassautawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Mai haɓo ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse masa taushin hanci minti 10. Cizon kare a wanke shi da ruwa da sabulu minti 15, sannan a nemi allurar rigakafin ciwon haukan kare a ranar.

Idan abu ya shaƙe yaron da ya haura shekara 1 har ya kasa tari, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a danna cikinsa sama da cibiya sau 5. Jariri kuwa a kifa shi a kan hannu, kai ƙasa, a bubbuga baya, sannan a juya shi a danna tsakiyar ƙirji. Ba a danna cikin jariri.

Karaya ba a jan ta. A tallafe gaɓar yadda take, a sami hoton ƙashi kafin a yi zancen mai ɗori, domin ɗaurin da ya matse yana iya tsayar da jini har a rasa hannu. Yaron da ya bugu a kai, ya riƙa amai, ko barci ya rinjaye shi, ko ya suma, a gaggauta da shi. In ana zargin wuya ko ƙashin baya, kada a ɗaga shi, a kira motar asibiti. Hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Gana, wadda ta fara aiki a 2004, ana samunta a lambar 112 ko 193.