Jikin da Muke Gani a Ɗakin Awo

A ƙasar Jamus akwai wata al'ada da ta haura shekara 100, suna ce mata FKK. Mutane kan taru a keɓaɓɓen bakin ruwa, su tuɓe, su yi iyo, su sha rana. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, addini da kunya sun rufe mana wannan ƙofa, kuma ba ita na zo tallatawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne binciken da Keon West na Jami'ar Goldsmiths da ke Landan ya fitar a 2017. Ya gano cewa masu zuwa irin waɗannan wurare sun fi gamsuwa da jikinsu, kuma ganin jikin sauran mutane, da tumbinsa da tabonsa, ya fi yi musu tasiri a kan a ga nasu.

Ni ban je Jamus ba, amma aikin asibiti ya nuna mini haka. Kullum mata na hawa gadon awo a gabana. Nankarwa a ciki, nonon da shayarwa ta kwantar, ɗinkin tiyatar haihuwa, gwiwar da ta fi fuska duhu. Kusan kowa haka take. Amma kowacce sai ta ja zane tana cewa, "Malama, ki yi haƙuri da jikin nan nawa," don ita a zatonta sauran mata irin na hotunan Instagram ne, waɗanda aka goge da waya kafin a ɗora.

Daga nan ake faɗawa hannun mai haɗa man bilicin. Yawancin haɗin nan ba ya rasa sinadarai masu ƙarfi irin su hydroquinone, ko clobetasol, ko sinadarin makuri (mercury) mai lalata ƙoda. Fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, ƙuraje su feso, rauni ya ƙi warkewa. Mai ɗinki a ɗakin tiyata ya fi kowa sanin wahalar irin wannan fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin, amma har jarirai ana shafa wa, wai kada su yi baƙi.

Siririya kuma, an dame ta da gorin "ba ki da komai", sai ta nufi kemis neman sha-ka-fashe. Sau da yawa wani maganin asibiti mai ƙarfi mai suna dexamethasone ne a ciki. Kumatun da suka ciko kumburi ne, ba lafiya ba, bayansa kuma ga hawan jini, ga ciwon suga, ga raunin ƙashi.

Iyaye mata da gwaggonni, ku rage kiran yarinya "baƙa mummuna" ko da wasa ne. Tana ji, tana ajiyewa. Wadda kuma ta daɗe tana shan ƙwayar ƙiba, kada ta yanke ta dare ɗaya, hakan na da haɗari. Ta zo asibiti da kwalin maganin ko robar man a hannunta, mu duba abin da ke ciki, a rage mata a hankali.