Wa doka ta fi yi wa nauyi? Tambayoyi da amsoshi daga titunan Kano

Idan doka ta hau kan kowa da kowa, ta ina rashin adalci zai shigo?

Ta wurin bambancin ƙarfi. Buhu ɗaya aka ɗora wa ƙato da yaro, amma wuyan yaron ne zai gaya masa.

Mu tuna canjin kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, lokacin Godwin Emefiele, ya ce za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Sanarwar ba ta ambaci sunan kowa ba. Amma babban ɗan kasuwar Kantin Kwari mai asusu a bankuna uku ya ci gaba da cinikinsa ta waya. Mai ƙosai a Kurna fa? Ɗan dako a kasuwar Singa fa, wanda da tsabar kuɗi ake sallamarsa kullum da yamma? Manomin da ya kawo tumatur 'Yankaba ya fi kowa shiga uku, domin tumatur ba ya jiran layin banki. Har aka kai ana sayen naira da naira a wurin masu POS. Sai 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin har ƙarshen shekarar, kuma cikin hujjojinta akwai cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba. Kafin nan jarin mutane da yawa ya riga ya karye.

To da gangan ake yi ke nan?

Akwai na gangan. Amma a ganina mafi yawa daga ɗakin taron da ake tsara dokar abin yake samo asali: waɗanda ke zaune a ciki duk suna da mota, da asusun banki, da janareta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa mai ɗakin ba a gayyace shi ba.

Hana achaba ai don tsaro aka yi. Shi ma zalunci ne?

Dalilin gaskiya ne. A ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, a lokacin da 'yan bindiga suka saba kai farmaki a kan babura. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. Duk wanda ya zauna Kano a shekarun nan ba zai ce gwamnati ta naɗe hannu ba.

Sai dai a duba wa ya biya kuɗin tsaron. Ɗan achaban da bai taɓa riƙe bindiga ba ya wayi gari babu sana'a, wani ma bai gama biyan bashin babur ɗin ba. Mai hali ya koma Adaidaita Sahu, wadda tun farko a zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo ta domin ɗaukar mata. Marar hali ya koma ƙauye ko ya zauna majalisa. Mazauna lungunan Dala da Gwale, inda mota ba ta shiga, su ma tafiyar ƙasa ta ƙaru musu.

A watan Yulin 2022 kuma gwamnatin Abdullahi Ganduje ta hana Adaidaita Sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, nan ma saboda tsaro. Mai motar kansa da wuya ma ya san an yi dokar. Wanda ya sani shi ne maigidan da naƙuda ta kama iyalinsa ƙarfe biyun dare a Rijiyar Lemo, da leburan da ya tashi aikin dare a masana'antun Sharaɗa. Amfanin tsaro na kowa ne, nauyinsa kuwa a kan wasu aka jibge shi, ba tare da an rage musu ta wani gefen ba. Wannan shi ne abin ƙorafin.

Takardu da jarrabawa fa?

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, a 2021 kuma aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kafin rajista. An rage satar amsa, ba musu. Amma yaron makarantar kuɗi da ya taso da kwamfuta, da yarinyar da ranar jarrabawar ce karon farko da ta taɓa amfani da ita, lokaci ɗaya aka ba su.

Sai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wanda aka haifa a Sabon Gari, ubansa ma a nan aka haife shi, kan ji an ce ya koma garin kakansa ya karɓo. Kafin mu ɗaga kafaɗa, mu tuna irin abin da ake gaya wa 'yan'uwanmu Hausawa ke nan a Jos da unguwar Sabo ta Ibadan.

Dokar ƙasa ba ta hana wannan ba?

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko wurin asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. A lura: talauci ba ya cikin jerin, alhali a misalan da muka kawo shi ne ke raba wanda ya tsira da wanda ya sha wuya.

Akwai kuma dokar kare masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da keken guragu zai iya bi. Wa'adin ya cika a 2024. Mai karatu ya ƙirga matakalan da zai hau a ofishin gwamnati na gaba da zai shiga.

Wanda abin ya shafa, me zai iya yi?

Akwai kotu, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jihar Kano, akwai zaman jin ra'ayin jama'a idan majalisa na duba ƙuduri, ga kuma gidajen rediyo, waɗanda a Kano hukuma na jin zafinsu. Amma abin da ya fi saurin aiki shi ne ƙungiya. A Janairun 2022 masu Adaidaita Sahu suka ajiye aiki kan kuɗin sabunta rajista da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ta sa musu. Ɗalibai da ma'aikata suka cika titi a ƙafa, kasuwanni suka yi sanyi, cikin kwanaki kaɗan aka zauna da su aka yi sulhu. Su suna da abin da za su ajiye gari ya tsaya. Mai tallan ƙosai idan ta ajiye tirenta, 'ya'yanta ne kawai za su kwana da yunwa.