Masu gangarowa da keke daga kan duwatsun ƙanƙara: tambayoyin samarin Sakkwato

Bidiyon ya cika wayoyin samari: mutum sanye da hular kwano mai rufe haɓa ya sako keke daga ƙololuwar dutse, yana ratsa itatuwa, yana tashi sama yana dira. A majalisun Mabera da Arkilla da Runjin Sambo ana ta gardama, wasu na cewa haɗin kwamfuta ne, wasu na cewa ganganci ne kawai. Ga tambayoyin da suka fi yawo, da amsar kowace.

Malam, wai da gaske ake yin wannan abu?

Da gaske ne, wasa ne mai dokoki da alƙalai. Ya samo asali a 1976 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu samari suka riƙa tseren gangarowa daga tudu da tsofaffin kekuna. Birkinsu na cikin cibiyar tayar baya kan yi zafi har man giris ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta kekunan dutse a 1990 a garin Durango na jihar Kolorado. A tseren gangara ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, agogo ne ke raba gardama.

Me ya haɗa keke da wurin zamiya a kan ƙanƙara?

Neman abinci ne ya haɗa su. A duwatsun Turai da Arewacin Amurka akwai garuruwan da arzikinsu ya dogara ga baƙin da ke zuwa zamiya a kan dusar ƙanƙara, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Don hawa da su saman dutse an kafa dogayen turakun ƙarfe, an ja igiyar ƙarfe mai kauri wadda inji ke juyawa, an rataya mata kujeru ko ƙananan ɗakuna masu gilashi. Dukiya mai yawa aka zuba a wannan aiki. To da ƙanƙara ta narke sai injuna su tsaya, otal-otal su zama wayam, ma'aikata su watse. Masu wuraren suka ga ai dutsen yana nan, igiyar tana nan, baƙi kawai suka rasa. Sai suka sassaƙa hanyoyin keke a jikin dutsen suka riƙa sayar da tikitin hawa. Ƙarancin ƙanƙara da ɗumamar yanayi ke jawowa a wuraren da ba su da tsayi sosai ya ƙara tura su ga wannan sana'a.

Wurin da ya fi suna shi ne Whistler a yammacin Kanada, da aka buɗe wa masu keke a 1999. A Faransa akwai Morzine da Les Gets da Châtel, kuma igiyoyinsu sun haɗu da na Champéry a Suwizalan, har mutum ya karya kumallo a wata ƙasa ya ci abincin rana a wata, duk a kan keke. Kakar keke a can daga Yuni zuwa Satumba take, daidai lokacin da muke fama da shuka da noma a nan.

Yaya ake hawa da keken?

Wasu kujerun suna da ƙugiya da ake rataye keken ta tayarsa, wasu an yi musu mazaunin keke na musamman, a ɗakunan gilashi kuwa wani lokaci da shi ake shiga. Tudun da zai ci wa mutum awa ɗaya ko biyu yana tuƙi, igiya za ta kai shi cikin 'yan mintuna, ya sauko ya sake komawa har yamma.

Keken irin namu ne aka yi wa kwalliya?

Ko kusa. Gaba da baya yana da shokabzoba mai lotsawa kimanin santimita 20, don shanye duka idan aka dira ko aka taka duwatsu. Birkinsa na faranti ne mai aiki da mai, faɗin farantin ya kai milimita 200 ko fiye, domin ƙaramin faranti ba ya jure zafin doguwar gangara. Tayoyin masu kauri ne da manyan haƙora, ƙahon yana da faɗi, tayar gaba ta miƙe can gaba don kada mahayi ya kifa. Nauyinsa kan kai kilo 16 zuwa 18, ba ya hawa tudu sai da wahala, shi ya sa igiya ta zame masa dole. Sabo kuwa dubban daloli ne, a kuɗinmu miliyoyin naira. Yawancin baƙi haya suke ɗauka a gindin dutsen, haɗe da hula da sauran kayan kariya.

Duk da haka, Yaya, ba jefa kai ga halaka ba ne?

Haɗari akwai shi, kada kowa ya ɓoye maka. Ana karya ƙashin wuya da kafaɗa da wuyan hannu, ana buguwa a kai, akwai waɗanda suka shanye, akwai waɗanda suka rasu. Amma bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna maka abin da aka gina kafin tsallen nan.

Hanyoyin an kasa su da launi. Kore na ɗan koyo ne, mai faɗi da sauƙin gangara. Daga nan shuɗi, sai ja a Turai, sannan baƙi na gwanaye. Wuraren shan kwana an ɗaga gefensu da ƙasa don su riƙe keken. Wuraren tsalle na masu koyo an cike tsakiyarsu, wanda bai kai ƙarshe ba sai ya dira a kan tudun lafiya. Hanyar ta masu saukowa ce kaɗai, babu mota, babu mai tahowa ta gaba. Akwai ma'aikatan gyaran hanya, akwai masu sintiri da kayan agajin gaggawa, akwai malamai masu koyarwa. Mahayin kuma ga hula mai rufe fuska, ga tabarau, ga safar hannu, ga kariyar gwiwa da ta gadon baya.

Babbar gwanintar ma a birki take. Yatsa ɗaya ake ɗorawa a kowane hannu. Birkin gaba shi ke tsayar da keke da gaske, amma a hankali ake matsa shi, kuma kafin a shiga kwana ake rage gudu. Ba a zama a sirdi. Tsaye ake a kan feda, gwiwa da gwiwar hannu a sake, kamar yadda mahayin doki ke miƙewa a kan likkafa in ya saki sukuwa. Ido kuma can gaba yake, domin inda ka kalla nan keken zai nufa. A ganina wanda ya kira wannan ganganci bai yi wa masu shi adalci ba. Mai ganganci shi ne wanda ya kwaikwayi tsallen ba tare da ya bi matakan ba.

Akwai ɗan Afirka da ya yi fice?

Akwai. Greg Minnaar, ɗan garin Pietermaritzburg na Afirka ta Kudu, ya zama zakaran duniya sau huɗu: 2003 da 2012 da 2013 da 2021. Ta 2013 a garinsu ya ci ta. Ya kuma sha yin nasara a Fort William ta Sikotlan, hanya mai tsawon kusan kilomita 3 da ke gangarowa mita 555, wadda gwanaye ke gamawa cikin ƙasa da minti biyar.

To mu a Sakkwato za mu iya?

Irin na igiya dai a'a. Birnin nan gaba ɗaya kimanin mita 300 yake sama da teku, tuddan marmara da ke kewaye da mu kuma gajeru ne. Abin da ke damuna shi ne yaron da zai ga bidiyon ya ɗauki keken Phoenix na gidansu ya nufi kwazazzabo ko ramin da aka haƙi ƙasa. Birkin sanda na wannan keke don hanyar kasuwa da gona aka yi shi, cokalin gabansa kuma yana iya karyewa a dira ɗaya. Har kekunan gwanjo masu sifirin da ake sayarwa a kasuwa, yawancinsu kamanni ne kawai suka ɗauko.

Amma akwai abin koyo, kuma ba ya buƙatar dutse. A samu fili mai ɗan gangare nesa da titi, da sassafe kafin rana ta buɗe, a koyi miƙewa a kan feda, da tsayawa da birki biyu ba tare da taya ta ja ƙasa ba, da shan kwana a kan tsakuwa. Kafin a fara a kai keken wurin mai gyara ya duba robar birki da wayarsa, ya ɗaure noti-notin taya da na ƙaho. A sa hular kwano, ko da ta babur ce, a ɗaure igiyarta a haɓa. Kada a fita ba aboki, kuma a sanar da gida inda aka nufa.