Sadarwa Tsakanin Masu Harsuna Daban-daban

Sadarwa tsakanin masu harsuna daban-daban ita ce dabarun da mutanen da ba sa jin yaren juna ke bi don su fahimci juna. Akasarinsu fatauci ne ya haife su, sai mulki da yaƙi.

Tarihi

Cikin tsofaffin bayanai akwai na Herodotus, masanin tarihi ɗan Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ce fataken Carthage, wani tsohon birni a Arewacin Afirka, kan sauke hajarsu a gaɓar tekun Afirka, su tada hayaƙi, su koma jirgi. Mutanen wurin sai su ajiye zinari kusa da hajar, su ja da baya. In zinarin ya yi wa fataken, su kwashe su tafi. In bai yi ba, su jira a ƙara. Ba wanda ke cewa uffan. Wasu masana na shakkar wannan labari.

A tashoshin Bahar Rum kuma wani gaurayayyen harshe mai suna Sabir ya bazu tsakanin matuƙan jirgi, fatake da bayi. Yawancin kalmominsa daga Italiyanci da Sifaniyanci suke, da ɗan Larabci da Turkanci. Ana jin ya samo asali tun zamanin tsakiya na tarihin Turai, ya kuma kai ƙarni na 19. Irinsa ne Russenorsk, wanda masunta 'yan Norway da fataken Rasha suka riƙa musayar kifi da gari da shi. Kalmominsa ba su wuce ɗari huɗu ba sosai, amma sun ishi ciniki, har juyin juya halin Rasha na 1917 ya katse fataucin.

Tafinta

Da can tafinta kan jira mai magana ya numfasa kafin ya fassara. A shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, wadda aka yi wa shugabannin Nazi a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi fice da fassarar nan take, ta na'urorin kunne na kamfanin IBM, cikin Turanci, Faransanci, Jamusanci da Rashanci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki tsarin. Harsunanta na hukuma shida ne.

Ƙirƙirarrun harsuna

Wani likita mai suna Zamenhof ya fitar da Esperanto a 1887, harshen da ya ƙirƙira don masu harsuna daban-daban su riƙa magana da shi. Ana saɓani kan yawan masu jinsa.

A yau

Matuƙan jiragen sama na ƙasa da ƙasa suna magana da hasumiyar filin jirgi cikin taƙaitaccen Turanci mai ƙayyadaddun jimloli, wanda aka ƙara tsaurarawa bayan hatsarin jiragen sama na 1977 a tsibirin Tenerife na Sifaniya, wanda ya ci rayuka 583. Manhajojin fassara na waya sun yawaita, sai dai sun fi ƙwarewa a harsunan da ke da rubutu mai yawa a intanet.