Waiwaye: Yadda Jiragen Sama Suka Nutsar da Yamato

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ana auna ƙarfin ƙasa a teku ne da girman jiragen ruwanta na yaƙi da kuma faɗin bakin igwar da suke ɗauke da ita. A kan wannan tunani Japan ta ƙera Yamato a tashar Kure, jirgin da ya kai mita 263 a tsawo, ya haura tan 70,000 a nauyi, yana ɗauke da manyan bindigogi tara masu faɗin baki santimita 46.

Sai dai tun kafin ya fara aiki, zamani ya riga ya juya. A daren 11 ga Nuwamban 1940, jiragen sama 21 da suka tashi daga kan jirgin dakon Birtaniya mai suna Illustrious suka nakasa manyan jiragen ruwan Italiya uku a tashar Taranto. Masu ra'ayin igwa suna iya cewa ai a ɗaure aka tarar da su, haka ma jiragen ruwan Amurka da Japan ta kai wa hari a tashar Pearl Harbor ta Hawaii, amma wannan hujja ta rushe ranar 10 ga Disamban 1941, lokacin da jiragen saman Japan ɗin kanta, waɗanda suka taso daga tudu, suka nutsar da manyan jiragen ruwan yaƙin Birtaniya biyu, Prince of Wales da Repulse, suna tsakiyar tafiya a gaɓar Malaya. Kwana shida bayan nan aka miƙa Yamato ga rundunar ruwa.

Ɗan'uwansa Musashi ne jiragen saman Amurka suka fara nutsarwa, a Tekun Sibuyan na Filifin, ranar 24 ga Oktoban 1944. Ya sha luguden wuta na sa'o'i kafin ya nutse, domin an buge shi ta ɓangarori biyu, ruwan da ya shige shi ya daidaita shi. Amurkawa sun riƙe wannan darasi.

Da Amurka ta sauke dakaru a tsibirin Okinawa na Japan ranar 1 ga Afrilun 1945, sai aka umarci Admiral Seiichi Ito ya ja Yamato da wani matsakaicin jirgin yaƙi mai suna Yahagi da ƙananan jiragen rakiya takwas zuwa tsibirin, ya kafe jirgin a gaɓa, ya yi ta harbi har ƙarshe. Tura irin wannan ayari ba tare da isasshiyar kariya ta sama ba, a ganina, sadaukar da mutane ne kawai don kare martabar runduna.

Jiragen ƙarƙashin teku na Amurka sun hango su tun ranar 6 ga wata. Washegari Admiral Marc Mitscher na Amurka ya tayar da jiragen sama kusan 400, waɗanda suka iso da misalin sha biyu da rabi na rana, suka dinga auna gefen hagu da bama-bamai masu ratsa ruwa. Da jirgin ya karkata, sai aka cika ɗakunan injin gefen dama da ruwa don a miƙar da shi, alhali akwai ma'aikata a ciki. Hakan bai hana shi kifewa ba da ƙarfe 2:23, ma'ajiyar harsasansa ta fashe, har ana hango hayaƙin daga tsibirin Kyushu da ke kudancin Japan.

Sama da mutum 3,000 suka mutu a cikinsa, Yahagi da huɗu daga jiragen rakiyar suka bi shi ƙasan teku. Amurka ta rasa jiragen sama 10 da mutum 12.