Dutse ya binne ƙauyen Blatten da cocinsa, amma mutanen sun riga sun fita

Assalamu alaikum jama'a, musamman manoma da makiyaya da masu unguwanni da limamai da duk wanda in ya yi magana a gari ake ji. Ni aikin malamin gona nake yi, abin da na saba kawo muku maganar iri ne da taki da ƙwari, amma yau labarin wani ƙauye ne na ɗauko daga can ƙasar Suwizalan, ku daure ku karanta har ƙarshe don wallahi tun ranar da na ga bidiyon abin bai bar raina ba, kuma ina so ya isa kunnenku kafin ruwa ya kankama.

Sunan ƙauyen Blatten, yana cikin wani kwari da ake ce wa Lötschental a jihar Valais, tsakiyar tsaunukan Alps. Kwari ne dogo siriri, duwatsu sun sa shi a tsakiya hagu da dama, kogin Lonza yana bi ta ƙasansa, ƙauyuka huɗu ne a jere, Ferden da Kippel da Wiler sai Blatten can ƙurya, wajen mita 1,540 sama da teku. Babban dutsen da ke tsaye a kansu, Bietschhorn, tsayinsa mita 3,934. Mutanen wurin makiyaya ne kuma manoma tun kaka da kakanni, Jamusanci suke yi amma irin nasu na cikin dutse. Kafin a fasa dutse a yi hanyar jirgin ƙasa ta Lötschberg a 1913 kusan a rufe suke, in hunturu ya shigo ƙanƙara ta zubo ta toshe hanya to shi ke nan sai su da Allahnsu, shi ya sa al'adun da suka ɓace a wasu wuraren su har yau suna riƙe da su.

Katolika ne su, kuma duk rayuwar kwarin a jikin coci take rataye. Tsohuwar uwar cocin tana Kippel, cocin Waliyyi Martin, ɗaruruwan shekaru ita kaɗai ce babbar majami'ar kwarin gaba ɗaya, can ake kai jariri can ake ɗaura aure can ake kai gawa, sai a ƙarshen ƙarni na 19 Blatten ta samu nata limamin cocin. Bayan manyan kuma kusan kowace ƙaramar unguwa tana da ɗan ɗakin ibadarta fari tas a tsakiyar gidajen katako da rana ta ƙona suka yi baƙi, mafi shahara shi ne na Kühmatt da ke gaba da Blatten kaɗan, ginin tsakiyar ƙarni na 17, mutane na takawa da ƙafa su je ziyara. Ko kai Musulmi ne ko Kirista ka san abin da wurin ibada yake nufi ga gari, nan ne ake sanin wa aka haifa wa ya rasu, nan dattawa ke haɗuwa, kuma a wurinsu litattafan coci su ne suke riƙe da sunayen kakanni tun zamanin da babu ofishin rajista.

Akwai wata al'adar Ferden da ta burge ni ƙwarai a matsayina na mai hulɗa da makiyaya. Duk shekara ranar Litinin ɗin Ista ana raba cuku da burodi kyauta ga jama'a, kuma asalin abin kamar yadda suke ba da labari wai a zamanin da wata masifa ta dinga faɗa wa shanunsu a makiyayar kan dutse, sai suka yi alkawari za su riƙa ware madarar wasu kwanaki su yi cuku su ba mabukata, to har yau ba su fasa ba. Suna kuma da dodannin da suke kira Tschäggättä, mutum ya sa fuskar katako mai ban tsoro ya yafa fatar akuya ko ta tunkiya ya ɗaura ƙararrawar saniya a ƙugu yana yawo cikin gari a watan Fabrairu kafin azumin Kirista ya shiga. A Kippel akwai gidan tarihi na kwarin inda ake ajiye irin waɗannan kaya.

Amma ni abin da na fi tsayawa ina kallo a hotunansu shi ne rumbunansu. Rumbun katako ne da suke ɗorawa kan gajerun ƙafafu, sannan tsakanin kowace ƙafa da gindin rumbun sai su sa wani faifan dutse mai faɗi zagayayye kamar faifan da mata ke rufe ƙwarya. Ɓera zai hau ƙafar lafiya lau, yana kaiwa ƙarƙashin faifan sai ya tarar da rufi a kansa, ba zai iya juyawa ya bi ta ƙasan dutse mai santsi ba, dole ya sauko, iska kuma tana ratsawa ta ƙasa hatsi ba ya jiƙa. Ba guba ba tarko. Mu ma ai kakanninmu a kan duwatsu suke ɗora rumbu saboda gara da danshi, faifan ne kawai ƙarin da su suka yi, kuma ba abin da zai hana mai rumbun kara ya gwada da faifan kwano ko tsohon murfin durom, na sha faɗa wa manoma wannan.

To irin wannan gari ne, mai wajen mutum 300, dutse ya binne ranar Laraba 28 ga Mayun 2025.

Ga yadda abin ya faru. A saman ƙauyen akwai wani dutse da ake kira Kleines Nesthorn, a ƙarƙashinsa kuma akwai tulin daskararriyar ƙanƙara mai suna Birch, irin ƙanƙarar nan da ta shekara aru-aru a kwance tana ɗan jan jiki a hankali kamar kunu mai kauri. Tun shekarun 1990 ake sa ido a kan wannan ƙanƙarar saboda ta taɓa zubowa. A tsakiyar watan Mayu masu lura suka ga gefen dutsen ya fara motsi yana tsagewa, aka ƙara kamarori da na'urorin aunawa, ranar 17 ga wata aka kwashe wani ɓangare na garin, ranar Litinin 19 ga wata aka ce kowa da kowa ya fita yanzu-yanzu. Suka fita. Har dabbobi aka kwashe, shanu da tumaki, akwai ma saniyar da helikwafta ta ɗauko a rataye a sama, da yawanku ƙila kun ga hoton a waya. Daga nan dutsen ya yi ta rugujewa kaɗan-kaɗan yana zubewa a kan ƙanƙarar, nauyi yana ta ƙaruwa, ƙanƙarar ta fara gudu har tana yin wajen mita 10 a rana, sai ranar Laraba da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma gaba ɗaya ta ɓalle. Dutse da ƙanƙara da laka, an ƙiyasta kusan kubik mita miliyan 9, suka gangaro cikin ƙiftawar ido, har na'urorin girgizar ƙasa sai da suka nuna maki 3.1. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen ya shige ƙasa, coci da maƙabarta da tsofaffin gidajen katako da rumbuna duka. Ɓaraguzan suka tare kogin Lonza, ruwa ya taru ya zama tafki ya cinye yawancin gidajen da suka rage.

Mutum ɗaya aka rasa, wani dattijo ɗan shekara 64 da yake wurin a lokacin. Ɗaya tak cikin gari guda.

Yanzu ku tsaya ku duba wannan kwana taran da ke tsakanin 19 da 28 ga wata, don nan ne zuciyar maganata. Kwana tara mutum yana zaune a gidan 'yan uwa ko na haya a ƙauyen maƙwabta, yana hango rufin gidansa lafiya ƙalau ba abin da ya same shi, ga gona ga kaya ga kabarin uwarsa da ubansa a bayan coci. Na san irin maganar da zuciya ke yi a wannan lokacin don na ji ta da kunnena ba sau ɗaya ba. Akwai shekarar da muka je wani ƙauye a bakin fadama muna roƙon mutane su matsa tudu, wani dattijo ya kama hannuna ya ce ɗana, a ɗakin nan aka yanke cibiyata, ruwan da bai ci ubana ba ni zai ci? Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ƙaunar gida ce, kuma ba shi da wurin da zai kai iyali da buhunan hatsinsa. Mutanen Blatten su ma suna ƙaunar garinsu kamar haka ko fiye, amma an gaya musu gaskiyar abin da ake gani, an ba su wurin sauka, sun kuma yarda da waɗanda suka gaya musu, suka haƙura suka zauna a waje har abin ya faru.

Wani zai ce ai Malam waɗannan Turawa ne masu kuɗi da na'urori. Gaskiya ne suna da su, gwamnatin tarayyarsu ma ba da jimawa ba ta ware faran miliyan 5 na kuɗin ƙasarsu don agajin gaggawa, kuma sun ce za su sake gina garin. Amma na'ura ba ta ɗauki kowa ta fitar da shi daga gida ba, ita dai ta nuna tsaga ce, mutum ne ya faɗa, mutum ne ya ji ya tashi. Kuma tawakkali ai ba ya hana ɗaure raƙumi.

Washegarin ranar da Blatten ta nutse, wato asubahin Alhamis 29 ga Mayun 2025, ruwa ya afka wa Mokwa a jihar Neja, unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa sama da mutum 150, wasu har yau ba a ga gawarsu ba, Allah ya jiƙansu. Kwana ɗaya ne tsakani, shi ya sa duk lokacin da na tuna ɗaya sai ɗayan ya faɗo min. Ta ɓangaren tsofaffin wuraren ibada kuma mu ma mun ɗanɗana, ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta ana sallar la'asar aka rasa rayuka, sannan a Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Ginin ƙasa yana da ƙarko in ana kula da shi, amma kafin ya faɗi yakan yi magana, sai dai in ba a saurara ba.

Don haka ga roƙona, kuma ba ya buƙatar ko sisi. In kun ga tsaga a bangon masallaci ko coci ko soro ko makarantar allo, ku sa gawayi ko alli ku ja layi a daidai inda tsagar ta tsaya sama da ƙasa, ku rubuta kwanan wata a gefe, ku karya tsinken tsintsiya daidai faɗinta ku ajiye. Bayan kwana biyu ko bayan an yi ruwa ku dawo ku duba, in ta wuce layin ko tsinken ya fara yin lako-lako a ciki to ginin tafiya yake yi, a fitar da mutane a koma yin salla a fili har magini ko injiniya ya zo ya gani. Ku duba azara ko gara ta ci, ku duba indararo ko ya toshe, don ruwan da ya kwanta a kan rufin ƙasa shi ne babban mai kisa, haka gindin bango in ya jiƙe yana zubar da gishiri. Yaɓen shekara-shekara da iyayenmu ke yi kafin damina ba ado ba ne, shi ke riƙe ginin.

Masu zama bakin kogi da ƙasan madatsar ruwa da bakin kwazazzabo kuma, ku kafa sanda mai alama a bakin ruwa a sa yaro mai hankali yana dubawa safe da yamma, ku saurari hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi, da na NIHSA, hukumar lura da koguna da ambaliya, a rediyo, sannan tun yanzu ido na ganin ido a zauna a ƙofar mai unguwa a yanke, in an yi shela wace hanya za a bi, wane tudu za a hau, wa zai ɗauki tsofaffi da masu jego da marasa lafiya, ina za a kora dabbobi, da wace lasifika za a yi kira in dare ne. Mutum ba ya son tashi in bai san inda zai kwana ba, to a sama masa wurin kafin ranar.

Akwai kuma abin da mutanen Blatten ba su samu damar ɗauka ba saboda gaggawa, hotunan iyali da takardu da kayan gado da yawa suna ƙarƙashin laka yanzu. Mu nan akwai gidajen malamai da tsofaffin litattafan ajami da Alƙur'anan hannu suke cikin gafaka a ɗakin ƙasa mai yoyo, akwai takardun gona da na gado a ƙarƙashin katifa. Ku samu matashi mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi ya tura wa mutum biyu ko uku da ke wani gari, ainihin takardun kuma a naɗe su a leda a sa a akwatin ƙarfe a ɗora a sama kusa da ƙofa, inda hannu ɗaya zai iya sungumarsa cikin duhu.